Kafin Ka Sayi Sola, Fara Canza Ƙwan Fitila

A garin Batsari ko Safana za ka shiga gida ka ga waya a jikin bango, ga ƙwai rataye a tsakiyar ɗaki, amma in an yi sallar isha'i abin da ke haska gidan tocila ce mai batir, ko fitilar wayar maigida da aka jingina a bakin taga. In ka nausa ƙauyuka, wajen Wagini ko Runka ko ƙananan garuruwan da ke gefen dajin Rugu, sau da yawa ko turakun lantarkin ba za ka gani ba. Shi ya sa in aka ce wa mutumin wannan yanki namu na ƙasar Ruma ya canza ƙwan fitilarsa don ya rage kuɗin wuta, sai ya ce, "Wace wutar?" Kuma yana da gaskiya. Wannan shawara ce da aka ɗinka wa mai mita a Abuja ko Legas, musamman tun watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin yunit ɗaya zuwa Naira 225 ga masu samun wuta awa 20 a rana. Mu ba mu cikin wannan sahu. Da yawanmu ma ba mita gare su ba, bil ɗin ƙiyasi ake kawo musu, ko an sha wuta ko ba a sha ba.

Duk da haka ina nan kan bakana cewa canza fitila ya fi amfanar mu fiye da yadda yake amfanar mutumin birni. Dalilin ba bil ba ne. Dalilin shi ne, ƙwan zamani, wanda ake kira LED, ya rage cin wuta har ya kai ga ƙaramin farantin sola da ƙaramin batir sun isa su haska gida guda. Shekara 20 baya wannan sai mai hali. Yau mai sayar da rogo a kasuwar Batsari zai iya, in ya san abin da zai saya da wanda zai bari.

Ga lissafin. Tsohon ƙwan nan mai jan haske, wanda in ya jima a kunne ba ka iya taɓa shi, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama, ba haske ba. Mai wat 60 yana ba da haske kimanin lumen 800. Lumen shi ne ma'aunin haske, wat kuwa ma'aunin cin wuta ne, kuma rikita su biyun nan shi ne ramin da masu saye suka fi faɗawa. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da lumen 800 ɗin nan daidai. To, a ce gida na da ƙwai shida: zaure, tsakar gida, ɗakuna uku, da makewayi, ana kunna su awa biyar kowane dare. Da tsofaffin ƙwai, gidan na cin yunit 54 a wata. Da LED, yunit 8 da ɗan ɗoriya. Haske ɗaya, amma cin wutar ya ragu kusan ninki bakwai. Wanda zai riƙe tsofaffin ƙwai shida da sola sai ya sayi manyan farantai da batir mai tsada. Wanda ya canza ƙwai tukuna, ƙaramin kaya ya ishe shi. Saboda haka tsarin aikin shi ne ƙwai da farko, sola daga baya. Na ga mutane da dama sun juya shi, sun kashe kuɗi kan batir suna ta zargin mai haɗa musu, alhali ƙwan da ke rataye a zaure ne ke shanye cajin kafin ƙarfe goma.

Masu janareta kuma in gaya muku gaskiya, kada wani ya ruɗe ku cewa canza ƙwai zai rage shan mai da rabi. Ƙaramin injin nan na Tiger yana shan mansa ko an ɗora masa kaya kaɗan ko da yawa, bambancin ba shi da girma. Ribar tana wani wuri. In fitilunka sun koma kan batir, ba sai ka tada inji don haske kawai ba, sai ka ajiye shi don aikin da ke buƙatarsa. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafi, litar fetur ba ta kai Naira 200 a farashin gwamnati ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Tada inji don a ga tuwo a kwano ya zama almubazzaranci.

Sai fitilar kananzir, aci-balbal da fitilar ƙwai, waɗanda iyayenmu suka raine mu a gabansu. Ba na raina su, amma zamaninsu ya wuce. Aci-balbal ba ta fi kyandir haske ba, lumen 10 ne ko sama kaɗan. Fitilar ƙwai, in an goge gilashinta an gyara lagwani, tana kaiwa 30 zuwa 40, kuma in ana kunna ta awa huɗu a dare tana shan lita uku zuwa huɗu a wata. Tun 2023 litar kananzir ta wuce Naira 1,000. Ka lissafa na shekara ka ga kuɗin fitilar sola nawa ka ƙone. Wannan kuɗi ne kawai. Uwargida, duba hancin yaron da ya kwana a ɗaki da aci-balbal, ki ga baƙin da ke ciki da safe. Abin da ya tsaya a hanci kaɗan ne, sauran ya wuce ƙirji. Ga gidan sauro da ke kama wuta cikin ƙiftawar ido in fitila ta faɗi. Ga gurɓataccen kananzir da aka gauraya da fetur, wanda ya sha fashewa a hannun mata a garuruwan ƙasar nan. Ga yara masu rarrafe da ke ɗaukar gorar lemo da aka zuba kananzir a ciki su kurɓa. Gidan da ke da jariri ko mai asma, wannan ita ce fitilar da za a fara fitarwa, tun kafin a yi zancen ƙwan lantarki.

Tocila mai batirin yarwa ta fi kananzir lafiya, amma ita ce mafi tsadar wuta a gida ba tare da an lura ba, don kuɗinta kaɗan-kaɗan yake fita, yau batir biyu, jibi batir uku. In tocilar ta zama dole, a nemi mai caji.

Akwai kuma ƙwan nan mai lanƙwasa da muke ce wa enaji, da dogon farin ƙwai na masallatai da shaguna. A lokacinsu sun yi rana, don sun fi jan ƙwai tattali nesa ba kusa ba. Amma LED ya fi su, kuma suna ɗauke da sinadarin makuri mai guba a cikinsu. Saboda wannan guba, ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Minamata, har da Najeriya, sun amince a daina ƙera masu lanƙwasar daga ƙarshen 2025, dogayen kuma zuwa 2027. In naka na aiki kuma wutar gwamnati kake amfani da ita, bar shi ya ƙarasa kwanansa, amma kada ka sake sayen wani. In ya fashe a ɗaki, a fitar da yara, a buɗe ƙofa da taga minti 10 zuwa 15, a kwashe gilashin da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, ba da tsintsiya ba, a ƙulle a leda.

Yanzu mu shiga kasuwa, don nan ne ake cin mutane. Za ka tarar da kwali an rubuta wat 30 ko 50 da manyan baƙaƙe, ƙwan ciki kuwa bai kai girman ƙwan zabo ba, ba nauyi, kuɗinsa rabin na kusa da shi. Ajiye shi. Juya kwalin ka nemi lamba mai haruffan lm a gabanta, wato lumen. Ƙwan kirki yana ba da lumen 90 zuwa 100 ko fiye a kowane wat. In babu lumen a jikin kwali sam, mai ƙera shi yana ɓoye wani abu. Ɗakin kwana lumen 450 zuwa 800 ya ishe shi, wato wat 5 zuwa 9. Tsakar gida da shago sai wat 12 zuwa 15. Makewayi wat 3 ma ya wadatar. Ba kowane lungu ke son ƙwai mai ƙarfi ba, kuma ƙananan ƙwai biyu a kusurwa biyu sun fi babba ɗaya da ke kashe ido a tsakiya.

Abu na biyu da za ka duba, kuma a wajenmu ya fi komai muhimmanci, shi ne ƙarfin wutar da ƙwan ke jurewa. Kowa ya san yadda wuta ke zuwa mana a raunane, jan ƙwai ya yi ja kamar garwashi, dogon ƙwai ya yi ta ƙifta ido ya ƙi kamawa. Akwai ƙwan LED da aka rubuta masa 85 zuwa 265V. Wannan yana ba da cikakken haskensa ko wuta ta yi rauni. Wanda aka rubuta wa 220 zuwa 240 kawai ba zai jure ba. Ƙarin kuɗin da ke tsakaninsu bai kai wahalar da zai ɗauke maka ba.

Sa mai kaya ya kunna maka a gabanka. Buɗe kyamarar wayarka ka nuna wa ƙwan; in ka ga layuka na gudu a fuskar wayar, ƙwan na ɓari, kuma irinsa ke sa ciwon kai ga mai karatu ko mai ɗinki. Duba gindinsa ma kafin ka bar gida, ko mai fil biyu ne ko mai murɗawa, kada ka yi tafiya biyu. Sannan ka roƙi mai shago ya rubuta kwanan wata a jikin ƙwan da alƙalami, ku yi magana a kan wata nawa zai karɓa in ya mutu. Mai kayan kirki ba ya gudun wannan. Wanda ya ce in ka fita da shi shi ke nan, ya gaya maka darajar kayansa da bakinsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Game da launi, akwai fari fat mai lamba 6500K, akwai mai ɗan ja-ja mai 2700 zuwa 3000K. Mutanenmu sun fi son farin, suna ganin ya fi haske. Ga shagon tela ko na magani haka ne. Amma a tsakar gida da damina, farin ya fi tara ƙwari, ranar da shinge ya tashi kuwa sai a rasa inda za a ajiye kwanon abinci. Mai ɗan ja-ja ya fi sauƙin ƙwari, ya fi daɗi a ɗakin barci, kuma mai tsire da mai shayi su gwada shi su ga yadda nama da burodi ke fitowa a ƙarƙashinsa.

A kan kwali za ka ga an ce ƙwan zai yi awa 15,000 ko 25,000, alhali jan ƙwai awa 1,000 ne. Gaskiya ne ga ƙwan kirki a wuri mai iska. Abin da ke kashe LED a wajenmu biyu ne: zafi, da wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke. Kada a manna shi jikin kwanon rufi inda zafin Afrilu ke dafa shi, a sako shi ƙasa kaɗan. Kada a rufe shi cikin gilashin da iska ba ta shiga. In an ɗauke wuta a kashe makunni, in ta dawo a ɗan jira ta zauna.

Ƙwai mai batir a cikinsa, wanda ke ci gaba da haske awa biyu zuwa huɗu bayan an ɗauke wuta, yana da amfani ga mutanen cikin gari da ke samun wuta ko ta 'yan awoyi a rana. Amma mu tuna Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Katsina da Kano da maƙwabtansu suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Duk abin da ke jiran wutar kamfanin lantarki na KEDCO kafin ya yi caji ya kwanta a lokacin. Rana kuwa ba ta yi fashi ba.

Wannan ya kawo mu kan sola. Mafi sauƙinta ita ce fitilar hannu mai ƙaramin faranti, wasu da wurin cajin waya. Ga gidan da bai da komai, da ita za a fara. Ta fi fitilar ƙwai haske, ana rataye ta, ana ɗaukar ta zuwa madafi ko turken dabbobi, kuma a yankin da muka san abin da dare ke iya kawowa, fitilar da za ka sa a aljihu da waya mai caji ba ƙaramin abu ba ne. Kamfanoni irin su Sun King da d.light suna da kayan da aka gwada a ƙarƙashin tsarin VeraSol, wanda ya samo asali daga shirin Bankin Duniya na tantance ingancin ƙananan kayan sola. Suna ba da garanti, wasu kuma ana biya kaɗan-kaɗan ta waya. In za ka ɗauki na biya kaɗan-kaɗan, tambayi jimillar abin da za ka biya har ƙarshe, ka tambayi abin da zai faru in ka yi fashin biya, domin kayan na kulle kansu. Wanda zai iya haɗa kuɗin ta adashi ya saya lokaci ɗaya, ya fi masa arha. Lokacin kaka, in an sayar da amfanin gona, shi ne lokacin wannan sayayya.

Mai son a haɗa masa na gida gaba ɗaya, ga misali da zai riƙe a ka kafin ya je wurin mai haɗawa. Ƙwai huɗu masu wat 5, awa biyar a dare, da cajin waya biyu, ba su wuce wat-awa 130 a rana ba. Faranti mai wat 50 a ranar Katsina yana tara fiye da haka, ko an cire asarar waya da zafi. Batir mai 12V da 40Ah ya isa har da rara. Ba a buƙatar inbata in dai fitila da cajin waya ne. A sayi ƙwai masu 12V a haɗa su kai tsaye, don inbata ita ma tana cin rabonta. Sai dai a kiyaye: ƙwan 12V ba ya shiga wutar gwamnati, nan take zai ƙone, kuma a ido kamarsu ɗaya da na 220. A yi musu alama. Kuma kada a yarda a haɗa faranti da batir ba tare da kwantirola a tsakani ba. Wannan ɗan akwatin shi ke hana batir cika ya wuce kima da rana, ya hana shi zubewa ƙarƙaf da dare. Masu son rage kuɗi shi suke fara cirewa, shi ya sa batirinsu ba ya shekara.

Batir iri biyu ne a kasuwa. Mai dalma ya fi arha, amma ba ya son a sha fiye da rabinsa, kuma zafi na rage masa kwana. Na litiyam, musamman wanda aka rubuta wa LiFePO4, ya fi tsada amma ya fi daɗewa ninki-ninki. Batirin mota ba a yi shi don wannan aiki ba. Zai yi na ɗan lokaci ya sare. Ko wanne ka saya, ajiye shi a ƙasa a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a saman sif kusa da kwano ba, ba kuma inda yara ke wasa ba.

Faranti kuma ya kalli kudu, wato hannun damanka in ka fuskanci gabas, a ɗan karkata shi kamar digiri 10 zuwa 15 don ruwa ya riƙa gangarewa. A nisanta shi da inuwar bedi, domin inuwar reshe ɗaya a gefe tana iya rage ƙarfin farantin gaba ɗaya. Da hunturu ƙura ke rufe shi, mutane su ce sola ta lalace, alhali wanka take so. Ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe ko da yamma, sau ɗaya ko biyu a mako. A ba yaro ɗaya wannan aiki ya zama nasa. A kuma ɗaure farantin da kyau saboda iskar farkon damina da kuma masu ɗan hali.

Fitilar waje mai kama kanta in ta ji motsi tana da kyau a ƙofar gida da wajen turke, kuma ba ta cin caji sai in wani abu ya gitta. A kafa ta sama, tana haska waje, ba tana haska mutanen gida ba.

Akwai wuraren da nake ganin sun fi gidajenmu buƙatar wannan canji. Makarantun allo har yanzu da yawa da wutar kara ake karatun dare, almajirai sun kewaye ta suna shaƙar hayaƙi, bayan sun yini neman karan. Ƙwai biyu da ƙaramin faranti sun isa tsangaya guda. Haka masallacin unguwa da asuba, haka ɗakin shan magani na ƙauye inda ake karɓar haihuwa da fitilar waya a baki. Masu hali daga cikin 'yan Ruma mazauna Katsina da Kano da Abuja, in kuna neman sadaka mai gudana da kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ga ta nan. Amma a saya mai kyau, a kuma naɗa wanda zai riƙa kula da ita. Mun ga fitilun kan titi na sola da aka kafa aka tafi, suka mutu don ba mai goge faranti, ba mai canza batir. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES, wanda hukumar samar da lantarki a karkara ke gudanarwa don yaɗa sola a ƙasar nan. Haƙƙin shugabannin ƙananan hukumominmu da 'yan majalisarmu ne su bi sawu su ga Batsari da Safana ba a bar su a baya ba, haƙƙinmu ne mu tambaye su. Sai dai kada jiran wannan ya hana mutum sayen ƙwai ɗaya yau.

Mataccen batir kada a fasa shi a gida, kada a bari yara su ciro abin cikinsa, kada a jefa shi bola, don bolarmu gona take komawa a matsayin taki. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da dalma ke yi a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinare ta kashe yara kimanin 400 a yankin Anka da Bukkuyum. Dalmar da ke cikin batir ita ce dai waccan gubar. A mayar da shi wurin mai sayarwa, da yawansu suna karɓa su rage maka kuɗin sabo.

Malam, in aljihu bai kai a yi duka lokaci ɗaya ba, fara da fitar da aci-balbal daga ɗakin da yara ke kwana, ka sa fitilar sola ta hannu a madadinta. In kasuwa ta sake zagayowa, cire jan ƙwan da ya fi daɗewa a kunne, galibi na tsakar gida ne ko na shago. Faranti da batir su jira kaka. Kuma ranar da za ka je saye, tafi da tsohon ƙwan a aljihu don a gwada gindinsa.